Kafin ka sallami akanta, ka fara karɓar mabuɗanka

Wa alaikumus salam Alhaji. Na ga tambayarka cewa kana da kamfanin kayan gini mai rajistar limited, akantanka ya koma sai ka kira ka gaji kafin ya ɗauka, takardun haraji kuma sai ranar ƙarshe yake shigarwa, kana so ka sauya shi amma kana tsoron lissafinka ya watse. Sauyawa ba laifi ba ne, ni ma na taɓa yi a harkar hatsina. Amma don Allah kada ka furta masa komai tukuna.

Ka fara bincika da imel ɗin wa da lambar wayar wa aka buɗe maka shafin haraji na intanet, wato TaxPro Max, da na CAC, hukumar rajistar kamfanoni. Akantoci da yawa nasu suke sakawa, ba don mugunta ba, don aiki ya yi musu sauƙi. Sai dai duk lambar sirrin da za a turo, wayarsa za ta shiga, ba taka ba. Wani maƙwabcina a kasuwa ya yi cacar baki da akantansa, ya sallame shi nan take. Ba a jima ba aka nemi maƙwabcin nawa don wata kwangila, aka ce ya kawo takardar shaidar biyan haraji, wadda ke nuna shekara uku na baya. Ya zauna gaban kwamfuta da ɗansa, ba imel, ba kalmar sirri, mutumin kuma ya daina ɗaga wayarsa. Haka ya yi ta zarya ofishin haraji da wasiƙa da takardar rajista a leda, kafin a mayar da shafin sunansa kwangila ta wuce. Saboda haka ka buɗe imel na kamfani, ka je wurin akantanka cikin mutunci ka ce kana so a mayar da komai kan wannan imel ɗin, kuma ka shiga da hannunka ka tabbatar ya buɗe.

Da zarar ka shiga, ka dubi abin da aka biya. Mu 'yan kasuwa mun saba miƙa wa akanta kuɗi mu ce "je ka biya", shi ke nan. To ka jera rasit ɗin da ya ba ka, ka gwada da abin da ke shafin, wata bayan wata. In akwai giɓi, yanzu ne lokacin tambaya, tun kuna ga maciji. Ka sani tarar jinkiri kan kamfaninka take hawa, hukuma ba ruwanta da wanda ya yi sakacin.

Sai takardu: lambar TIN (lambar shaidar mai biyan haraji), takardun CAC da rasit ɗin rahoton shekara-shekara, lissafin ƙarshen shekara da aka sa wa hannu, da bayanan banki. Doka na so a ajiye na shekara shida. In da manhajar lissafi irin su Excel ko QuickBooks ko Sage yake aiki, ainihin fayil ɗin za ka karɓa, kada ka yarda da wanda aka buga a takarda kawai. Abin da ya fi ba sabon akanta wahala shi ne jerin masu bin ka da waɗanda kake bi bashi, da ƙidayar kayan sito. A harkarka ta siminti da rodi, inda magina ke ɗaukar kaya sai an biya su su biya, wannan jerin shi ne rabin jarinka. Ka zauna da yaran shago a ƙirga kaya ranar miƙa aiki, ku sa hannu ku duka.

Game da lokaci, kada ka saki reshe ka kama ganye. In shekararka a Disamba take rufewa, kana da wata shida, wato zuwa ƙarshen Yuni, ka shigar da harajin kamfani. Ni a ganina tsohon ya kammala shekarar da ya fara, sabon ya ɗauka daga nan. Amma na wata-wata ba ya jira: VAT, harajin da ake ɗorawa kan ciniki, zuwa 21 ga watan da ke biye, harajin albashin ma'aikata kuma zuwa 10 ga wata ga hukumar jiha. Ku rubuta a takarda wane wata ne na ƙarshe a hannun tsohon, don a nan ake samun watan da kowa ya zaci ɗayan ya yi.

Sabon kuwa, ka tambaye shi lambarsa ta ƙungiyar ƙwararrun akantoci, ICAN ko ANAN. A ƙa'idar sana'arsu zai rubuta wa tsohon wasiƙa ya ji ko akwai dalilin da zai hana shi karɓar aikin. Wanda ya ce maka ba sai an yi ba, ni dai ba zan ɗauke shi ba. Ka kuma sa ya yi maka bayani da Hausa yadda sabbin dokokin harajin da suka fara aiki a Janairun 2026, da hukumar haraji ta tarayya, FIRS, ta koma NRS, suka shafi kamfani irin naka. Daga amsarsa za ka gane ko yana bin abin da ke gudana. Kuɗin aikinsa da abin da ya ƙunsa, a rubuce.

In tsohon na bin ka ragowar kuɗi, ka biya shi kafin ka nemi fayil ɗin ƙarshe, ka yi masa godiya. In hukuma ta taso da binciken shekarun da ya riƙe, shi za ka koma nema ya yi bayani. Allah ya sa albarka a kasuwa.