Mai takardar farko zai iya nutso wurin jirgin da ya nitse?

Malam, ka tambaya daga Jos ko takardar Open Water, wato takardar farko ta koyon nutso, kaɗai ta isa ka je kallon jiragen ruwan da suka nitse a Bahar Maliya. Ta isa, amma iyakarka zurfin mita 18, kuma daga waje. Jirgin Thistlegorm da ke ruwan Masar, wanda aka nutsar a 1941, yana kwance a wajen mita 30, saboda haka sai ka yi kwas ɗin Advanced, wato mataki na gaba, tukuna. Jirgin Giannis D, shi ma a can, ya fi maka sauƙi, don samansa bai yi zurfi ba.

Kada ka shiga ciki ko da jagora ya yafito ka. Bugun ƙafa ɗaya ya isa ya tayar da laka, ka kasa ganin ƙofar da ka shigo, sama kuma ƙarfe ne. Ga wayoyi da tsohuwar koma masu kama tukunyar iska. Ka riƙe wuƙa da tocila.

Sauka da hawa duk ta igiyar jirgin da ya kawo ka, saboda ruwan yana ja. Wajen hawowa ka tsaya minti 3 a zurfin mita 5, ka fito da ragowar iska bar 50 (bar shi ne ma'aunin matsin iska a tukunya).

Bayan nutso da yawa, jira awa 18 kafin hawa jirgin sama. In a Legas ka yi, dawowa Jos da mota ma haka, don tudun Jos ya kai mita 1,200.