Tambayoyinku kan PCOS (matsalar sinadaran jiki da ke hana ƙwan mace nuna): abinci, ƙiba da rikicewar al'ada

Tambaya: Likita, an yi min sikanin an ce ina da PCOS. Anya zan haihu? Daga wata matar aure a Katsina.

Amsa: In sha Allahu, 'yar'uwa. Da yawa suna haihuwa, wasu da gyaran abinci kawai, wasu da maganin fitar da ƙwai irin su letrozole a hannun likita. Sai dai sikanin kaɗai ba ya yanke hukunci, ki koma a duba al'adarki a auna jini.

Tambaya: Na bar sukari na koma zuma. Ya yi?

Amsa: Ita ma zuma sukari ce in ta shiga jini. Ki rage ta.

Tambaya: Al'adata takan yi wata huɗu ba ta zo ba, gashi ya fito min a haɓa, wuyana ya yi baƙi. Mai magani ta ce sanyi ne, na kusa shekara ina shan jiƙo da kafso. Daga Zariya.

Amsa: Baiwar Allah, ki ajiye wannan jiƙon yau. Abin yana ci min rai, duk matsalar da ta taɓa mahaifa sai a ce sanyi. Alamominki sun fi kama da PCOS, kuma ba ƙwayar cuta ke kawo shi ba, balle kafso ya kashe ta.

In kika ci tuwon shinkafa ko burodi da shayi mai zaƙi, abincin yakan koma sukari a jini, sai jiki ya saki sinadarin insulin don ya shigar da shi cikin tsoka. A jikin yawancin masu PCOS tsokar ba ta amsa wa insulin yadda ya kamata, sai jiki ya yi ta ƙaro shi. Yawan insulin ɗin nan ne ke zuga ma'ajiyar ƙwai ta fitar da sinadarin maza fiye da kima. Daga nan ƙwai ya kasa nuna, al'ada ta tsaya, gashi ya fito. Baƙin wuyan nan mai kauri shi ma aikin insulin ne, man bilicin ba ya cire shi.

Ban ce ki zauna da yunwa ba. Ki rage malmalar tuwo ki ƙara miya: kuka, zogale, alayyahu. Gero, dawa da acca da ba a surfe su tas ba sun fi farar shinkafa. Ki riƙi wake, ƙwai, kifi da gyaɗa. Lemon kwalba kuwa ki rabu da shi, fura da zoɓo a sha ba sukari. Ki yi tafiyar minti 30 kullum, ko zagaya tsakar gida ne. In akwai ƙiba, rage kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyi yakan dawo da al'ada ga mata da dama.

Amma dole ki je asibiti. Al'adar da ta wuce wata 3 ba ta zo ba tana sa bangon mahaifa ya yi kauri, in aka daɗe a haka yana ƙara haɗarin ciwon daji (kansa). A auna miki sukari da hawan jini, wataƙila a ba ki metformin, maganin daidaita sukarin jini. Kada ki saya da kanki a kemis, ki ga likitan mata.

Tambaya: Ni siririya ce mai PCOS, ƙawata ta ce in sha "sha ka fashe" in yi jiki.

Amsa: Kul! Irin waɗannan ƙwayoyin galibi akwai dexamethasone a ciki, yana tayar da sukarin jini, ke kuma dama kina cikin haɗarin ciwon sukari ko da ba ki da ƙiba. In har kin daɗe kina sha, kada ki yanke lokaci guda, ki je asibiti a rage miki a hankali.