Tambaya da amsa: Kwamfutocinmu na kulle a sito, yanzu kuma an zo mana da zancen intanet

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Malam, ni ne shugaban wata makarantar firamare ta gwamnati. Shekara biyu da suka wuce aka kawo mana kwamfutoci 40 na tebur, aka yi taro, aka ɗauki hotuna, na sa hannu cewa na karɓa. Tun ranar ba a kunna su sau goma ba, don ba mu da wuta, kuma an ja min kunne cewa ko ɗaya ta lalace ko ta ɓata, ni zan biya. Yanzu sakataren ilimi na ƙaramar hukumarmu ya tara mu ya ce wani kamfani zai haɗa makarantu da intanet ya raba wa yara kwamfutocin hannu, amma iyaye za su riƙa ba da wani abu duk zango. Iyaye kuma sun fara zuwa suna ce min ba su yarda a buɗe wa 'ya'yansu ƙofar batsa ba. Wallahi barci ya ƙaurace min. In na ƙi, a ce ina adawa da ci gaba. In na karɓa, ina tsoron a sake bar min jidali. Ina mafita?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara haƙuri. Tsoronka yana kan hanya, amma kafin mu je ga sabon kamfanin, bari mu fara da abin da ke cikin sitonka, domin shi ya fi gaggawa.

Ranar Litinin ka ɗauki makulli ka buɗe ɗakin nan da shaidu, malami ɗaya da mutum ɗaya daga kwamitin kula da makaranta. Ba sai na zo ba, zan iya gaya maka abin da za ka tarar. Ƙurar hunturu biyu ta cika fankokin ciki. Ɓera ya gwaguye wasu wayoyin. In an haɗo muku da batiran ajiye wuta, da wuya su sake riƙe caji, saboda batirin da ya yi watanni a zaune cikin zafi ba a caja shi ba mutuwa yake yi. Garantin kamfani, wanda galibi na shekara ɗaya ne, ya ƙare tun ba ku san wacce ta zo da matsala daga masana'anta ba. Wanda ya ce maka ka kulle su don kada su lalace, shi ya lalata su. Ku ƙirga, ku gwada kowace da janareta ko na aro ne, ku rubuta halin da take ciki, ku sa hannu ku uku, ka aika wa ofishin ilimi kwafi. Wannan takardar ita ce garkuwarka ranar da masu bincike suka zo.

Yanzu ga abin da ke ci min tuwo a ƙwarya, wanda kullum nake karo da shi daga ofisoshin jiha har zuwa ɗakin malamai. Mutane sun ɗauka in kaya sun iso, ilimin zamani ya iso. Suna ganin na'ura ita ke koyarwa, da zarar yaro ya riƙe ta shi ke nan an gama. Wannan tunanin ya cinye dukiyar al'umma fiye da yadda ake zato, kuma dalilin da ya sa ya ƙi mutuwa a fili yake: kaya ana ganinsu, ana ƙirga su, ana jera su a tebur a kira 'yan jarida. Ba wanda ke kiran 'yan jarida ranar biyan kuɗin data na wata, ko ranar da aka canja batir. Don haka kowa na son ya saya, ba mai son ya riƙe. Kyautar doki ce ga wanda ba shi da harawa. Ranar da aka kawo shi ana guɗa, bayan wata uku haƙarƙarinsa ake ƙirgawa.

Yi lissafin da kanka. Kwamfutar tebur ɗaya da allonta tana jan wuta kamar wat 100, wani lokaci fiye. Guda 40 sun kai kilowat 4, ban da fanka da fitila. Ƙaramin janaretan shago ba zai ɗauka ba, kuma solar da za ta ɗauka ba 'yar faranti biyu ba ce da ake kafawa a rufin ofishin hedimasta. Wanda ya kawo kayan ya san wannan sarai. Haka data: bidiyon darasi na awa ɗaya yana iya cin rabin gigabait ko fiye a na'ura guda. In yara 40 suka buɗe a lokaci ɗaya, gigabait 20 sun tafi kafin a kaɗa ƙararrawar tara. Wa zai biya wannan a wata na bakwai, bayan ɗan kwangila ya karɓi cikon kuɗinsa ya canja layin waya?

Kada ka ce ai mu ne talakawa shi ya sa. A 2013 hukumar makarantun birnin Los Angeles a Amurka, ta biyu mafi girma a ƙasar, ta ƙuduri ba kowane ɗalibi iPad, yara sama da 600,000, a shirin da aka ƙiyasta zai ci dala biliyan 1.3. Suna da wuta dare da rana, suna da injiniyoyi. Cikin mako guda da fara rabawa, ɗaruruwan ɗaliban sakandare suka gano yadda ake cire makullin tsaron da aka sa, suka shiga Facebook da YouTube abinsu. Manhajar darussan da kamfanin Pearson ya sa a ciki ba ta ma kammala ba, malamai da yawa ba su san me za su yi da ita ba. A 2014 aka dakatar da kwangilar, shugaban hukumar John Deasy ya ajiye aiki a watan Oktoba, jami'an hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, FBI, suka zo suka kwashi takardu, ko da yake daga baya ba a gurfanar da kowa ba. A Peru kuwa, gwamnati ta raba wa yaran firamare dubban ɗaruruwan ƙananan kwamfutocin shirin nan na kowane yaro da tasa. Binciken da bankin raya ƙasashen nahiyar Amurka ya fitar a 2012, bayan ya bi makarantun karkara 319 na tsawon wata 15, bai ga ƙarin komai ba a sakamakon lissafi da na harshe. Yaran sun iya sarrafa na'urar, ba shakka. Karatun ne bai motsa ba. To in waɗannan sun sha ƙasa, ta yaya wani zai zo da jaka da katin kamfani ya ce mana shi nasa dabam ne, ba tare da ya nuna makaranta ko ɗaya da ta yi shekara uku tana amfani da kayansa ba?

Abin da ya kamata mu koya daga Amurka ba na'urar ba ce, tsarin biyan kuɗin ne. Tun daga dokar sadarwa ta 1996 suna da shirin da ake kira E-rate, wanda ke rage wa makarantu da ɗakunan karatu kuɗin intanet da kashi 20 zuwa 90 cikin ɗari, gwargwadon talaucin yankin. Kowace shekara hukumar makarantun gunduma ke nema, kowace shekara ake biya. Wato sun gane intanet kamar kuɗin ruwa da na wuta ne, ba ya ƙarewa. Mu a nan dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware wa hukumar kula da ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, UBEC, kashi 2 cikin ɗari na asusun kuɗin shigar gwamnatin tarayya, jihohi su kawo nasu kason su karɓa, amma ƙarfin kuɗin a gini da sayen kaya yake tafiya. Jiha ke ba da kwangila, ƙaramar hukuma ke rakiya, hedimasta ke riƙe makulli. A cikin su ukun nan ka nuna min wanda ke da layi a kasafin kuɗinsa mai suna gyaran kwamfuta. Shi ya sa in linzamin kwamfuta na 'yan dubbai ya lalace, sai ka rubuta takarda, ta yi wata biyu a tebur, a ce ka kawo ta hannun wane, wane kuma ya tafi taron bita.

Ban ce ka ƙi ba. Tun 2015 jarrabawar JAMB gaba ɗaya a kwamfuta ake yinta, kuma yaron da bai taɓa riƙe linzami ba sai ranar jarrabawa an zalunce shi tun daga firamare. Abin da nake cewa shi ne ka nemi amsa a rubuce kafin ka sa hannu, kuma ku nema tare da sauran shugabannin makarantu, don murya ɗaya ba ta da nauyi a ofis. Wa ke biyan kuɗin intanet bayan shekarar farko, daga wane asusu? Wa ke gyara, a wane gari yake zaune, cikin kwana nawa zai zo? In allon na'ura ya fashe a hannun yaro ɗan shekara tara, wanda dole zai faru, wa ke da asara? Ina za a yi cajin na'urori 200 kowace rana? Darussan da ke ciki, manhajar karatunmu suke bi, kuma da wane harshe suke ga ɗan aji biyu da bai iya karanta Hausa ba ma tukuna? Kamfanin da ya yi fushi da waɗannan tambayoyin ya ba ka amsa ke nan.

Akwai kuma wadda kusan ba mai yi: ina sunayen yara, hotunansu da lambobin iyayensu za su je? Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ce sai da yardar iyaye ko mariƙi ake sarrafa bayanan yaro. Kada ka miƙa rajistar makaranta ga kowa saboda kawai ya zo da wasiƙar gabatarwa.

Maganar iyaye kuwa, kada ka raina ta, suna da gaskiya. A 2007 Kamfanin Dillancin Labarai na Najeriya ya ba da rahoton cewa a wata firamare a Abuja da aka raba wa yara irin waɗancan ƙananan kwamfutocin, an samu hotunan batsa a cikin wasu, sai bayan nan aka yi zancen sa matata, wato abin da ke toshe shafukan da ba su dace da yara ba. A Amurka tun shekarar 2000 doka ta wajabta wa duk makarantar da ke cin moriyar E-rate ta tace abin da yara ke gani. Amma a ina ake sa matatar? A kan na'urar da ke rarraba intanet ɗin makarantar gaba ɗaya, wadda kalmar sirrinta ke hannun mutum ɗaya ko biyu. In a jikin kwamfutar yaro kaɗai aka sa, ka ji abin da ya faru a Los Angeles. Kuma ko matatar ta kai me, ba ta kai malami a tsaye a aji ba. A jera allunan suna kallon tsakiyar ɗaki yadda malami zai gan su duka da waiwaye ɗaya. Ga 'yan firamare kada na'ura ta kwana a gida. Ka gayyaci iyayen da limamin unguwa su shigo su ga tsarin da idonsu. Jita-jitar da ake yaɗawa a majalisa ba ta jure wa gani.

Wani abin da 'yan kwangila ba sa so a sani: makaranta irin taka tana iya yin abu mai yawa ba tare da intanet na kullum ba. Akwai manhajoji na kyauta kamar Kolibri da Kiwix, waɗanda ake sauke darussa da littattafai, har da Wikipedia ta Hausa, a kan kwamfuta ɗaya, sauran su riƙa ɗauka daga gare ta a cikin ɗaki ba tare da sun ci data ba. Ba ƙofar da yaro zai bi ya fita waje, ba kuɗin wata. Akwai kuma dandalin karatu na Nigeria Learning Passport da ma'aikatar ilimi ta tarayya ta ƙaddamar da haɗin gwiwar UNICEF a 2022, mai darussa bisa manhajar karatunmu. Daga cikin 40 ɗinka, in goma suka tashi, sola mai ɗaukar kilowat ɗaya da 'yan kai ta ishe su. A sa su a jadawalin darussa, yara huɗu kan kowace, aji bayan aji. Goma da ke aiki kullum sun fi ɗari da ke kwali.

Ni da za a bi tawa, na'urar farko malami za a ba. Jihar Edo ta bi wannan hanyar daga 2018, ta riƙa ba malaman firamare kwamfutar hannu mai ɗauke da tsarin darasi, wadda kuma ke nuna wa ofis wanda ya zo aiki da wanda bai zo ba. Ina da ƙorafi a kan yadda irin wannan tsarin ke iya mayar da malami mai karanto rubutun wani, amma aƙalla sun fara daga inda ya dace. Malamin da ke tsoron kunna kwamfuta a gaban yara don kada su yi masa dariya ba zai taɓa buɗe ɗakin ba, ko an yi masa bitar kwana uku a otal an ba shi takardar shaida. Ka duba cikin malamanka, akwai matashi ko matashiyar da kowa ke kai wa waya in ta rikice. Ka rage masa darasi biyu a mako, ka ba shi ɗakin, ya riƙa zama da abokan aikinsa ɗaya bayan ɗaya.

Sai batun karɓar kuɗi daga iyaye, kuma a nan ina roƙonka ka ji tsoron Allah ka kuma ji tsoron doka. Ita dai dokar 2004 ɗin ta ce karatun firamare da ƙaramar sakandare a makarantar gwamnati kyauta ne, kuma karɓar kuɗi a kansa laifi ne. In iyaye da kansu, ta bakin kwamitin makaranta, suka ga dama su yi karo-karo su sayi batir ko faranti, wannan tsakaninsu ne, a rubuta a littafin taro, kuɗin kuma su riƙe abinsu. Amma ka zama mai karɓar haraji duk zango a madadin kamfani, daga hannun matar da ke sayar da ƙosai don ta saya wa ɗanta littafi, kan na'urar da ba ka da tabbacin za ta kai baɗi, wannan nauyi ne da za a tambaye ka a kansa, kuma ranar da ta ɓaci sunanka ne a kan rasit, ba na sakatare ba. In aka matsa maka, ka ce cikin ladabi: ranka ya daɗe, a ba ni umarnin a rubuce da sa hannu da hatimi, sai in aiwatar.