Ƙanena ya ce zai bar makaranta ya shiga fim ɗin doki da takobi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Dan Allah ina cikin damuwa, ƙanena ne ya ce zai ajiye karatu ya shiga fim, wai akwai wani jarumin ƙasar Poland, Daniel Olbrychski, da ya yi suna yana ɗan shekara 20 bai gama makaranta ba kuma shi yake yin sukuwarsa da faɗan takobi da kansa. Yanzu wani ya ce zai sa shi a fim ɗin yaƙi, ya hau doki da takobin gaske. Bai taɓa hawa doki ba wallahi. Gaskiya ne labarin nan?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Rabinsa gaskiya ne. An haifi Olbrychski a 1945, kuma a 1965 darakta Andrzej Wajda ya ba shi babban rol a Popioły, fim ɗin zamanin yaƙe-yaƙen Napoleon. Makarantar wasan kwaikwayo ta Warsaw kam bai ƙarasa ta ba, amma ki gaya wa ƙanen naki daga baya sai da ya koma ya zauna jarrabawar zama ɗan wasa ya ci, a 1971, lokacin duk ƙasar ta san fuskarsa.

Ɗaya rabin ne yake ɓata min rai don kullum sai na ji shi, wai jarumin gaske ba ya bari a tsaya masa a wurin haɗari, zuciya kawai ake bukata. Zuciya ba ta riƙe linzami fa. Shi wannan mutum ɗan wasan motsa jiki ne, ya yi dambe, ya koyi wasan takobi, doki kuwa ya zame masa abin yi na tsawon rayuwa. Kuma ba shi kaɗai yake shiga fili ba, bayan kyamara akwai masu horar da dawaki da mai tsara faɗa.

Ki duba sin ɗin nan da yara suke ta yawo da shi a waya, na fim ɗin Potop na 1974, inda yake karawa da Tadeusz Łomnicki a cikin ruwan sama da taɓo. Mai kallo gani yake kamar sara kawai suke kai wa juna, alhali Waldemar Wilhelm ne ya tsara faɗan, kowane sara an san inda zai sauka, kowane taku an ƙirga shi an maimaita har jiki ya haddace, shi ya sa in ɗaya ya ɗaga hannu ɗayan ya riga ya san ta ina ƙarfe zai zo. Kafin nan ma Olbrychski ya yi wa daraktan Potop ɗin, Jerzy Hoffman, rol ɗin mugu Azja a fim ɗin Pan Wołodyjowski a 1969, har mutane suka yi ta ƙorafi da aka ce shi zai fito a Kmicic, wato gwarzon labarin Potop, wai ya za a ba mugu rol ɗin gwarzonsu. Kin ga kenan wajen shekara goma yana kan sirdi a gaban kyamara kafin wannan faɗan da ƙanenki yake kallo.

To shi wannan mai cewa zai sa shi a fim, wa ya koya masa aikin? Duk wanda ya miƙa wa sabon yaro takobi mai kaifi ya ce hau ka yi sukuwa, kuɗin mai horarwa yake gudu, ba wani son fim ya fito da kyau ba. Takobin fim dakusasshe ne, kuma ko dakusasshen yana fasa kai. Doki kuma ba ruwansa da darakta ya ce a tsaya, in ya ji ihu da ganguna ya firgita, ƙafar yaro ta maƙale a likkafa, jansa zai yi a ƙasa. Irin waɗannan furodusoshin in abu ya faru sai ki ji sun ce tsautsayi ne, su kashe waya, ku ne da kuɗin asibiti.

Kar ki hana shi fim ɗin gaba ɗaya, zai yi a ɓoye ne. Ya ci gaba da karatunsa, ya samu mai doki da ya san aiki ya fara da kilisa a hankali. Shi kuma mai fim ɗin ku tambaye shi wa zai tsara faɗan, rihazal nawa za a yi kafin ɗauka, wa zai biya in an ji ciwo, a rubuce. In ya fara kame-kame kar yaron ya je lokeshan ɗin.