Hukuncin shimfiɗa wayar CCA a karɓi kuɗin jan ƙarfe

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Sana'ata haɗa intanet ce a cikin garin Sakkwato. Wata makarantar Islamiyya ta ba ni aikin jan wayar Ethernet zuwa na'urorin WiFi guda takwas masu samun wuta ta cikin wayar. A takardar lissafi na rubuta Cat6, wato sunan ajin ingancin wayar, na sa farashin ta jan ƙarfe zalla, amma na sayo CCA, wato wayar alminiyam mai shafen jan ƙarfe, don ta fi araha, kuma kwalinta ma Cat6 aka rubuta. Na gama ajujuwa huɗu, testa ta nuna komai lafiya. Abokan sana'a sun ce haka kowa ke yi. Ribar ta halatta?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, haramcin algus ba ya buƙatar jan zance, hadisinsa ko ɗan makarantar allo ya ji shi. Abin da ya yanke hukuncinka abu biyu ne da ka faɗa da bakinka: ka sa farashin jan ƙarfe, kuma wuta za ta bi ta wayar.

Da waya ce gajera daga kwamfuta zuwa suwic, wato akwatin da ke rarraba intanet zuwa na'urori, mai aiki ya san ko wace iri ce ya yarda, da babu laifi. Amma CCA alminiyam ce aka yi wa shafen jan ƙarfe, kuma alminiyam bai wuce kashi 60 da ɗoriya cikin ɗari na jan ƙarfe ba wajen wucewar lantarki. Suwic mai PoE+, wato tsarin tura wuta ta cikin wayar intanet, yana tura wat 30 don wat 25.5 ya isa na'ura a nisan mita 100, kuma a kan jan ƙarfe aka yi wannan lissafin. A CCA ƙarfin wuta yana zubewa a hanya, wayar ta yi ɗumi, na'urar da ke ajin ƙarshe ta riƙa mutuwa tana tashi idan ɗalibai suka hau da yawa. Ga zafin cikin silin ƙarƙashin kwano a watan Afrilu, wanda ke ƙara tauye wucewar wuta. Ga gautsi: sili, wato siririyar wayar da ke cikinta, kan karye a lanƙwasa, bakinsa ya yi tsatsa cikin RJ45, kan da ake matsawa a bakin waya, bayan watanni. Ƙaramar testarka sili takwas kawai take dubawa ko sun haɗu a jere. Shaidarta ba ta wanke ka ba.

Sai maganar abokanka, wadda wasu ke ƙawatawa da ƙa'idar cewa abin da aka saba da shi kamar sharaɗi ne. Ƙa'idar gaskiya ce, an dai ɗora ta inda ba muhallinta ba. Al'adar da shari'a ke hukunci da ita ita ce wadda mai saye da mai sayarwa duka suka sani, har shirunsu ya zama yarda. Shugaban makarantar nan ya san akwai waya iri biyu? Abin da masu sana'a suka sani su kaɗai, suka ɓoye wa masu ba su aiki, sirrin kasuwa ne, kuma yawan masu yinsa bai mayar da shi halal ba. Rubutun kwali ma ba hujja ba ne, domin ƙa'idar da ta sa wa waya suna Cat6 ta shardanta jan ƙarfe zalla, kai kuma ka sani, shi ya sa ka sa wancan farashin. Risala ta ambaci ɓoye aibi da gauraya mummuna da kyakkyawa cikin abin da bai halatta a ciniki ba. Aibin da ke kwance cikin silin, wanda ba zai bayyana ba sai an biya ka an sallame ka, ya fi kowane shiga wannan babin.

Saboda haka rarar da ke tsakanin farashin biyu ba taka ba ce. Ka je ka faɗa musu gaskiya, zaɓi nasu ne: ko ka zare ka sa ta ƙwarai da kuɗinka, ko su yarda da ta ajujuwa huɗun ka mayar musu da rarar. Ni dai shawarata ka zare duk wadda ke ɗauke da wuta. Kuɗin makaranta na iyayen yara ne, shugaba ma amana yake riƙe da ita, yafewarsa tana da iyaka.

Idan ka koma kasuwa, kankare sili ɗaya da wuƙa kafin ka biya. In fari ya fito, alminiyam ne. Ɗaga kwalin mita 305 ɗin, na jan ƙarfe ya fi nauyi a fili. Kada shimfiɗaɗɗiyar waya ta wuce mita 90, goman da ta rage ta gajerun wayoyin haɗi ce. Kada ka warware murɗin sili fiye da milimita 13 wajen matse kai, kuma ka nisanta wayar intanet ɗin daga wayar lantarki. Tsakanin gini da gini kada ka rataya wayar cikin ɗaki. Rana za ta farfasa rigarta, tsawar damina kuma ta biyo ta ta ƙone suwic. Faiba, wayar da ke aiki da haske ba lantarki ba, ta fi dacewa a nan.

Kuma in za ka hau rufi, ka aika a sanar da maƙwabta su kimtsa, don daga sama tsakar gidajen mutane a buɗe take. Kalmar sirrin na'urorin ka miƙa wa masu makaranta a rubuce ranar da ka gama.

Wallahu a'alam.