Mai Alƙawarin Katanga Da 'Yan Banga Zan Zaɓa A Kwamitin Makarantarmu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni uwa ce daga Jihar Katsina, ina da 'ya a aji biyu na ƙaramar sakandare ta jeka-ka-dawo da ke bakin garinmu. Ranar Asabar mai zuwa za a sabunta kwamitin gudanar da makaranta, wato SBMC, kuma mutum biyu ke neman shugabanci. Na farko ya ce idan aka ba shi zai ɗaga katanga, ya sa mata waya mai ƙaya, ya toshe ƙaramar ƙofar baya, ya kawo 'yan banga huɗu da bindigogi su zauna a ciki, kowane uba ya riƙa ba da naira 1,000 a zango. Na biyun tsohon malami ne, maganarsa duk ta gyaran rufi ce, da tara lambobin waya, da wai a koya wa yara gudu. Mata da yawa sun ce na farkon za su bi. Ni ko barcin kirki ba na yi, don ana ta yaɗa saƙon murya a WhatsApp cewa makarantarmu na cikin waɗanda za a kai wa hari. Wa zan zaɓa? Ko in cire 'yata kawai in huta?

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya kwantar miki da hankali, Ya tsare mana zuri'a. Duk uwar da ke zaune a jihar da aka kwashi yaran Ƙanƙara ba za a ce mata tsoronta ya yi yawa ba.

Ban san mutanen nan biyu ba, ke kika san halinsu da tarihinsu a gari. Amma idan a kan abin da suka faɗa za a yi hukunci, tsohon malamin nan shi ya san abin da yake yi. Na farkon kuwa, ko da niyyarsa mai kyau ce, akwai abu ɗaya cikin alƙawarinsa da zai iya jawo asarar rai, wato toshe ƙofar baya.

Na shafe shekaru ina zagaya makarantu ina horar da irin waɗannan kwamitoci, kuma babu kuskuren da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya kamar wannan: da zarar an ce tsaron makaranta, sai kowa ya hango doguwar katanga da mutum riƙe da bindiga a bakin ƙofa. Daga mai unguwa har ɗan majalisa, tunanin ke nan. Dalilin a fili yake. Katanga ana ganinta da ido, ana ɗaukar hotonta, ana yanka kyalle ranar buɗe ta, kuma akwai kwangilar bulo da siminti a cikinta. Shi ya sa ta dace da yaƙin neman zaɓe. To amma mu duba abin da ya faru a wuraren da masifar ta auku, tunda ba tatsuniya muke yi ba.

A Ƙanƙara, daren 11 ga Disamba 2020, makarantar tana da katanga. Maharan sun shiga sun kora yara sama da 300 cikin daji. Ɗaruruwan da suka tsira fa? Da yawansu katangar nan suka haura suka bazama cikin duhu, a lokacin da ake musayar wuta. Ki tsaya ki yi tunani a nan. Da a ce an ƙara wa katangar tsawo, an jera mata waya mai ƙaya da fasassun kwalabe a kai, yara nawa ne za su iya haura ta? Mahari da ya zo da babura da yawa da manyan bindigogi ta babbar ƙofa yake shigowa, ko ya fasa. Katanga ba ta tsayar da shi. Wanda take tsayarwa shi ne yaro ɗan shekara 12 mai neman hanyar fita. Makaranta mai doguwar katanga da ƙofa ɗaya tak, sunanta garke, an tara wa ɓarawo dabbobi wuri guda an kuma rufe musu hanya. An yi gudun gara an faɗa gidan zago ke nan.

Na taɓa shiga wata makarantar 'yan mata inda aka lulluɓe tagogin ɗakin kwana da ƙarfe, ana kuma garƙame ƙofa da kwaɗo ta waje da dare, mabuɗin yana aljihun maigadi da ke kwana can bakin titi. Shugabar makarantar tana nuna mini da alfahari, wai tsaro. Na tambaye ta, idan fitila ta faɗi kan katifa ƙarfe biyu na dare, minti nawa zai ɗauka kafin mabuɗin nan ya iso? Shiru ta yi. Har yau in na tuna wannan ɗakin gabana faɗuwa yake.

Kada ki fahimce ni a baibai, ban ce katanga banza ce ba. Tana hana dabbobi da masu babur ratsa fili, tana hana 'yan shaye-shaye mayar da aji matattara da yamma, tana hana masu cinye filin makaranta. A gina ta in akwai hali. Amma a bar mata ƙofa biyu ko uku masu buɗewa ta ciki zuwa waje, waɗanda ke fuskantar cikin gari, malamai kuma su san inda mabuɗi yake.

Sai batun 'yan banga huɗu. A Birnin Yauri, ranar 17 ga Yuni 2021, akwai 'yan sanda masu gadin kwalejin tarayya, da horonsu da bindigogin gwamnati. Da rana tsaka aka zo aka fi ƙarfinsu, aka kashe ɗaya, aka tafi da ɗalibai da malamai, wasu 'yan matan sai da suka kusa shekara biyu a hannun mutanen nan. To ina ga mutum huɗu masu bindigar gargajiya da layu a damtse? Abin da za su ƙara shi ne harbe-harbe a tsakiyar yara. Sanarwar kare makarantu da aka ƙaddamar a Oslo a 2015, wadda Nijeriya ta amince da ita, ƙa'idojinta cewa suka yi a nisanta masu ɗauke da makami daga harabar makaranta gwargwadon iko, domin zamansu a ciki yana mayar da wurin abin hari. Wurin mai makami shi ne kan hanyoyin shigowa gari da bakin daji, inda zai hango abu tun daga nesa. Kuma wannan aikin na 'yan sanda ne da Sibil Difens da dakarun sa-kai da gwamnatin Katsina ta kafa a 2023, waɗanda aƙalla akwai wanda ya tantance su, akwai kuma wanda za a tuhuma idan sun yi ɓarna. Kwamitin makaranta ba shi da hurumin ba wa kowa bindiga.

Akwai kuma abin da ba a son faɗa a taro. Wa ya tantance mutanen nan huɗu? Duk mai zaune a yankinku ya san cewa da wuya a kai hari babu infoma. Za ki ɗauko mutumin da ba a san shi ba ki zaunar da shi inda zai san lokacin tashi, da yawan yara, da 'yar wane mai kuɗi ce. Sannan ga 'yan mata masu tasowa suna wucewa ta gabansa safe da rana. Bayan zango biyu iyaye su gaji da biya, albashi ya tsaya, ki samu mutum mai bindiga da jin haushi wanda ya san makarantar ciki da bai. Ita kanta naira 1,000 ɗin nan, dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce firamare da ƙaramar sakandare ta gwamnati kyauta ne, karɓar kuɗin dole laifi ne. Gudummawa ta son rai daban. Amma ranar da aka kori 'yar marainiya daga aji don ba ta biya kuɗin banga ba, an taka doka kuma an ci amana.

Abin da ke tserar da yara lokaci ne. Minti 20 na gargaɗi ya fi buhun siminti 500. Ƙungiyar Amnesty ta ce a Chibok a 2014 jami'an tsaro sun samu labari kimanin awa huɗu kafin a iso, ta kuma ce a Dapchi a 2018 an yi ta kiran waya tun da rana ana cewa ga ayarin motoci nan tafe. Sojoji sun musanta, amma ko a ƙauyenku kin san yadda abin yake: babura da yawa ba sa ratsa daji ba a gan su ba. Manomi ya gani, mai kiwo ya gani, mai sayar da fetur a kwalba ya gani. Labarin yana nan, hanyar da zai bi ya isa kunnen hedimasta kafin babur ya iso ita ce babu. Lambobin wayar da tsohon malaminku ke son tarawa, wannan hanyar yake son ginawa. Mutum biyu ko uku amintattu a kowane ƙauye da ke kan hanyar daji, lambar DPO da ta kwamandan 'yan sa-kai da ta mai gari, waya ɗaya a makaranta da ba ta rabuwa da caji da kati, da abin da za a yi idan sabis ya ɗauke, ko da yaro ne mai babur ko lasifikar masallaci.

Koya wa yara gudu da ake yi wa dariya kuwa, shi ne gaba da komai. A Kuriga ta Jihar Kaduna, ranar 7 ga Maris 2024, da safe aka zo, yara sun gama taron safe ke nan, makarantar jeka-ka-dawo irin taku. Yaron da bai taɓa gwadawa ba, idan ya ji harbi ko dai ya daskare a inda yake, ko ya ruga aji ya ɓuya ƙarƙashin benci, ko ya bi duk wanda ya daka masa tsawa. A Chibok da kakin soja aka zo, aka ce wa 'yan matan an zo ceton su ne, suka fito suka taru. Dole yaro ya san ƙarar ƙararrawar haɗari daban da ta tashi, ya san ƙofar da ajinsu zai bi, ya san gidan da zai shiga a cikin gari, babba ya san ƙaramin da zai riƙe wa hannu. A gwada sau ɗaya kowane zango, a sanar da iyaye tun kafin ranar don kada gari ya rikice. Ko sisi ba a kashewa.

Ga inda nake jin takaicin ofisoshinmu. Hedimasta ya samu labari ƙarfe tara na safe, amma yana tsoron sallamar yara don kada a ba shi takardar tuhuma. Sai ya kira sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, shi kuma ya ce bari ya ji daga SUBEB, wato hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, can kuma oga yana taro. Kafin amsa ta dawo an yi ihu bayan hari. A takarda ba mu da talauci: akwai manufar ƙasa kan tsaron makarantu ta 2021, akwai shirin kashe naira biliyan 144.8 daga 2023 zuwa 2026, akwai cibiyar kula da tsaron makarantu a hedikwatar Sibil Difens a Abuja. Ki tambayi hedimastanku abin da ya iso hannunsa daga ciki. Don haka babban aikin da sabon shugaban kwamiti zai yi muku a watansa na farko shi ne ya je da mai gari wurin sakataren ilimi su karɓo izini a rubuce, cewa hedimasta na iya sallamar yara nan take idan ya samu sahihin gargaɗi, ya yi bayani daga baya.

Maganar rufi ma kada a raina ta. A Jos, a watan Yulin 2024, ginin wata makaranta ya rufta kan ɗalibai, mutum 22 suka rasu. A Maraɗi, a Nuwamban 2021, gobara ta cinye azuzuwan zana, yara sama da 20 suka tafi. Babu ɗan bindiga ko ɗaya a waɗannan wurare. Bangon da ya tsage, da rijiyar da ba murfi, da rashin bayan gida da ke tura 'yan mata cikin gona, duk suna cikin lissafi.

Shi kuwa saƙon murya, don girman Allah ku daina turawa. Ban taɓa jin wanda ya faɗi sunansa da inda ya gani da idonsa ba, kullum "wani ɗan'uwanmu jami'in tsaro ne ya ce". Wani saƙon shekararsa uku yana yawo, sunan gari kawai ake canzawa. Illarsa biyu ce: yana kwashe yara daga aji, yawanci 'yan mata, kuma da yawa ba sa komawa. Sannan idan ƙarya ta yi yawa, ranar da gargaɗin gaskiya ya zo ba mai motsawa. Wanda ya ji abu ya kai wa hedimasta da mai gari da DPO, su bincika. Allah Ya umarce mu da bin diddigin labari kafin mu yi aiki da shi, kuma wanda ya firgita uwaye da abin da bai tabbatar ba zai amsa tambaya a kai.

Ban ba ki shawarar cire 'yarki saboda saƙon da ba a san mai shi ba. Idan mai gari da jami'an tsaro suka tabbatar akwai motsi a dajin da ke kusa, ta zauna gida kwanakin, kwamiti kuma ya nemi a dawo da azuzuwan cikin gari na ɗan lokaci. Wannan daban da yanke mata karatu.

Ranar Asabar ki je da wuri, ki tafi da mata biyar ko shida, kada ku zauna can baya kuna jira maza su gama. Kwamitin nan akwai kujerun mata a cikinsa, har da na ɗalibai mace da namiji, haƙƙinku ne, kada a cike su da sunayen matan manya da ba sa zuwa taro. Ki miƙe ki tambayi kowane ɗan takara a gaban jama'a: idan aka bugo waya ƙarfe goma na safe aka ce an ga babura a ƙauyen da ke gaba da mu, wa zai ɗauki wayar, wa zai ba da umarnin tashi, kuma ta wace ƙofa 'yata za ta fita? Shi mai katangar ki ƙara masa da cewa wa zai yi kwangilar, kuma a wane asusu kuɗin zai zauna, da sa hannun mutum nawa. Ko wa ya ci a cikinsu, ki nemi a rubuta a littafin taro tun a ranar cewa ƙofar baya ba za a toshe ta ba.