Amsar tambayarka kan taɓin hankali da auren Asante a Zangon Kumasi

Salam ɗan'uwa, na ga tambayarka kuma gaskiya ta sosa min rai, wai tunda mu 'yan Zango muna auren Asante ba ma tsoron kwaso taɓin hankali a jini, kuma wai muna binciken asali kuwa ko mun watsar. To muna yi, har gobe dattawa ake turawa. Abin da ƙila baku sani ba a Kano shine su kansu Asante, ko Tonawa yadda tsofaffinmu ke cewa, ba sa wasa da wannan, kafin su ba da 'yarsu sai sun bi dangi sun ji ko akwai hauka ko farfaɗiya ko kuturta. Mu ma sai da suka bincike mu.

Kakan babana fataucin goro ne ya kai shi garin Salaga a arewacin Ghana, bayan yaƙin basasar garin na 1892 ya gangaro Kumasi, ɗansa kuma ya auri 'yar Asante, ita ce kakata. Ta musulunta, ta iya tuwo da miyar kuka, mu kuma a hannunta muka koyi cin fufu. Na san kuna mana dariya in mun ce mace "ya zo", amma da Hausar nan ake raɗa mana suna, da ita ake mana tafsiri da azumi.

Baffana tela ne, yana da shekara 22 abin ya fara. Sai ya riƙa lulluɓe rediyo da zane wai maganarsa ake yi a ciki, abinci kuma ba zai taɓa ba sai Kaka ta ɗanɗana a gabansa, ya tsura wa bakinta ido har ta haɗiye. Nan take mutane suka ce ai daga dangin uwa ne, jininsu ne ko asirinsu. Aka yi ta rubutu da hayaƙi da ruƙiyya shekaru, sannan aka kai shi asibiti, likita yace sunan ciwon sikizofiriniya. Can daga baya wani tsoho daga danginmu na Arewa ya zo biki, cikin hira yake cewa ai ƙanin kakan babana a turu ya ƙare rayuwarsa. Kaka tana zaune bata ce uffan ba.

Ban kawo wannan don in juya laifin kanku ba. Gado akwai shi, wannan ba ƙarya bane. A cikin mutum 100 kusan 1 ke kamuwa a ko'ina, in uwa ko uba na da shi sai ya kai wajen 10 cikin 100, tagwaye masu kama ɗaya kuwa in ɗaya ya kamu ɗayan kusan rabi da rabi ne, kaga ashe ba jini kaɗai bane, wiwi da ƙuruciya da wahalar haihuwa duk suna ƙara haɗarin. Kuma ba ƙwayar gado guda bace da za a ce tana gidan wane ko ƙabilar wane, wani babban bincike na 2022 wurare 287 ya gano a ƙwayoyin halitta, kowanne ɗan tasirinsa kaɗan ne sai sun taru, kuma yawancin mutanen da aka gwada Turawa ne, mu 'yan Afirka kaɗan ne a ciki.

Ka tambaya ko akwai iri-iri. Da can likitoci na raba shi, mai zargi irin na Baffa, mai sandarewa, mai ruɗaɗɗiyar magana, amma a 2013 likitocin Amurka suka cire rabon daga kundinsu saboda mutum ɗaya kan sauya daga wannan zuwa wancan.

Baffa yanzu allura ake masa duk wata, ya koma kan kekensa, shi ya ɗinka min kayan sallar bara. Abin da har yau ke min ciwo, Kaka ce ta riƙa riƙe hannunsa zuwa asibiti a tirotiro, wato motar haya ta nan, tana jin mata na nuna ta da baki, kuma har Allah ya karɓi ranta babu wanda ya zo ya ce ta yafe masa.